Kyautar tsofaffin ɗalibai: mu karɓi kwamfutocin hannu ko mu nemi wani abu?

Malama Rabi: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana malamai. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar. Tsofaffin ɗaliban makarantarmu sun yi karo-karo, sun ce za su saya mana kwamfutocin hannu guda 40 don 'yan aji biyar da shida. Niyyarsu kyakkyawa ce, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ni hankalina bai kwanta ba. Makon jiya na shiga aji huɗu na rubuta ɗan labari na Hausa a allo, layi biyar. Yara 68 ne a ajin, waɗanda suka karanta shi ba gargada ba su kai 20 ba. Wuta kuwa sai mu yi kwana uku ba mu gan ta ba. In na ce a'a, kada su ga kamar na raina alherinsu. In na ce to, ina tsoron kafin zango biyu na'urorin su ƙare a kabad ɗin ofishina. Wanda ya san abin da bincike ya nuna a kan wannan, don Allah ya taimaka.

Malam Sadisu: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki karɓa hannu bibbiyu. Ni kwamfuta nake koyarwa a sakandare, kuma kowace shekara ina ganin yaran da suka san amsa amma hannunsu yana rawa a kan na'ura ranar jarrabawa. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Yaron ƙauye da bai taɓa danna komai ba sai ranar jarrabawarsa, an cuce shi tun kafin ya zauna. Har yaushe za mu riƙa cewa yaranmu ba su kai ba?

Maman Ummi: Ni dai uwa ce, ba malama ba. Amma Malam Sadisu, yaron da bai iya karanta layi biyar ba, me zai karanta a cikin kwamfutar?

Malam Sadisu: Akwai manhajoji masu murya, Maman Ummi. Suna furta baƙi da wasali, yaro yana bi.

Dokta Binta: Wa alaikumus salam. Malama Rabi, tambayarki an yi ta a ƙasashe da yawa, kuma an kashe kuɗi masu yawa kafin a samu amsa. Wasunku za su tuna shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT a Amurka ya fito da shi a 2005, mai ƙaramar kwamfuta kore da fari. Har nan Najeriya an gwada shi a 2007 a firamaren Galadima da ke Abuja. Ƙasar Peru ta rungume shi sosai, ta sayi sama da guda 800,000. Sai masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi makarantun karkara 319, waɗanda ƙuri'a ce ta raba su: wasu sun samu na'ura, wasu ba su samu ba. Bayan wata 15 aka gwada yaran. A lissafi da karatun harshe babu bambanci tsakanin ɓangarorin biyu. Yaran sun iya sarrafa kwamfutar, kuma sun ɗan fi a gwajin kaifin tunani, wannan gaskiya ne, amma abin da aka sayi na'urar dominsa bai motsa ba. An sake bin sawun makarantun karkara na shirin na kusan shekara goma, sakamakon karatu bai canza ba.
Dalilin ba ɓoyayye ba ne. An ba yara na'ura, malami kuma yana nan yadda yake, darasi yana nan yadda yake.

Malam Sadisu: Dokta, da girmamawa, wannan tsohon labari ne. Kwamfutar 2007 da ta yau ba ɗaya ba ce. Ga na kusa: a 2024 Bankin Duniya ya yi gwaji a Benin, jihar Edo. 'Yan SS1 a makarantun gwamnati, mako shida, suna koyon Turanci da ƙirƙirarriyar basira bayan an tashi daga makaranta. Masu binciken sun ce ci gaban da yaran suka samu ya yi daidai da na shekara ɗaya da rabi zuwa biyu a karatun da aka saba. A ƙasarmu aka yi, ba a Peru ba.

Dokta Binta: Na karanta shi, Malam Sadisu, kuma na ji daɗinsa. Amma mu duba yadda aka yi. Yaran ba a miƙa musu na'ura aka tafi ba. Sau biyu a mako suke zama a ɗakin kwamfuta, awa ɗaya da rabi, malamansu na tsaye a kansu, an horar da malaman, an tsara musu tambayoyin da za a fara da su daidai da tsarin karatun makaranta. Kuma 'yan sakandare ne da suka riga suka iya karatu, waɗanda suka nuna sha'awa da kansu. Sannan waɗanda aka kwatanta su da su ba a ba su wani ƙarin darasi ba. To nawa ne na na'ura, nawa ne na ƙarin awa goma sha takwas tare da malami? Binciken bai raba mana ba. Maganar shekara biyu kuwa lissafi ne da aka yi a kan ƙarancin abin da yara ke koya a shekara, ba wai yaron SS1 ya koma SS3 ba ne.

Baba Sufeto: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsoho, rubutun waya yana ba ni wahala, jikana ne ke taya ni. Na yi shekara 35 a aikin ilimi, goma sha biyu daga ciki ina zagayen makarantu. Ni ɗan zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976, shekarar da aka kafa cibiyar horar da malamai ta NTI a Kaduna don a koyar da malamai daga nesa, da littattafai da zama a cibiya ranar Asabar. Don haka karatu daga nesa ba baƙonmu ba ne. Abin da na gani da idona shi ne: na shiga makarantu da dama na tarar da akwatin kayan kimiyya a rufe da kwaɗo, hedimasta yana tsoron a fasa a ce ya biya. Na ga rediyo, na ga talabijin, daga baya na ga kwamfutoci an lulluɓe da zani saboda ƙura. Rabi 'yata, kafin ki amsa musu ki tambaye su abu uku. Wa zai yi caji? Wa zai gyara in ta lalace? Wane malami ne zai yi amfani da ita a wane darasi, ranar wace? In ba su da amsar ta ukun, sauran biyun ma ba su da amfani.

Malama Rabi: Allah Ya ƙara girma, Baba. Ta ukun ce ta hana ni barci.

Malam Sadisu: Baba, Allah Ya ja da rai. Amma abin da kuka faɗa laifin mutane ne, ba laifin na'ura ba.

Baba Sufeto: Haka ne ɗana. Sai dai makaranta mutane ce.

Dokta Binta: Kada a ɗauka ina gaba da na'ura. Bari in kawo inda ta yi aiki, don a nan ne darasin yake. A birnin Delhi na Indiya, Karthik Muralidharan da abokan aikinsa sun gwada wata manhaja mai suna Mindspark da yara 619, rabi ƙuri'a ta ba su gurbi. Kwana shida a mako, minti 45 a kan kwamfuta, minti 45 tare da malami a ƙaramin rukuni. Cikin wata huɗu da rabi, ci gaban waɗanda suka samu gurbin ya ninka na sauran, a lissafi da harshen Hindi.
Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da manhajar ta tona. Ta nuna ɗan aji shida yana baya da kusan aji biyu da rabi a lissafi, ɗan aji tara kuma yana baya da aji huɗu da rabi. Kuma a cikin aji guda za ka samu yara da tazarar matakinsu ta kai aji biyar ko shida. Malami ɗaya da alli ɗaya ba zai iya yi wa kowa darasinsa ba, sai ya bi littafi, littafin kuma na 'yan gaban aji ne. Manhajar ba ta damu da ajin da aka rubuta yaro ba. Tana gwada shi, ta gano inda ya tsaya, ta fara daga nan. In ɗan aji shida bai iya ɗebewa mai aro ba, nan za ta tsaya da shi har ya iya.
Malama Rabi, wannan ba ajinki na huɗu ba ne? Ashirin suna karatu, wasu suna haɗa gaɓa, wasu ko baƙaƙe ba su gama sani ba, duk a benci ɗaya.

Malama Rabi: Wallahi shi ne, Dokta. Kamar kin leƙo.

Malam Habu: To ai shi ke nan, a sa musu irin wannan manhajar.

Dokta Binta: Da Hausa? Da ta yaran aji huɗu masu koyon haɗa baƙi? Nan gizo ke saƙar. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, yana da darussa har da na Hausa, kuma abin a yaba ne. Amma tarin darussa daban, manhajar da ke bin yaro taki-taki daban. Sannan raba yara bisa matakinsu ba dole sai da na'ura ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta daɗe tana yi da takarda ɗaya ta gwaji: baƙi, kalma, sakin layi, labari. Minti biyar kowane yaro.

Mushe Isufu: Salamu alaikum ƴan'uwa na Najeriya, daga Damagaram nake. Ina bin maganar tun ɗazu. Ku bari in kawo namu, don da Hausa aka yi shi. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services ta yi ajin yaƙi da jahilci na manya a jihohin Dosso da Damagaram. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi garuruwa 113. Duka ana koyar da karatu da lissafi iri ɗaya da harshen gida, Hausa ko Zabarmanci. A rabin garuruwan sai aka ƙara abu ɗaya: aka koya wa ɗalibai amfani da salula, ƙaramar nan mai maɓalli, mutum biyar suna tarayya a guda. Su nemo harafi, su rubuta saƙo, su danna lamba. Waɗannan garuruwan sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji bambancin lissafin yana nan.
Ni abin da na fahimta, babban ciwon yaƙi da jahilci shi ne mantuwa. A rufe aji damina ta faɗi, kowa ya tafi gona, kafin kaka baƙaƙen sun gudu. Amma mace da ke son aika saƙo ga ɗanta da ya tafi cin rani Kano ko Agadas, ko mai son jin kuɗin hatsi a kasuwa, kullum tana da dalilin taɓa harafi. Salular ba ita ta koyar ba. Malamin gari ne ya koyar, ita ta hana abin ya zube.

Maman Ummi: Allah Sarki. Wannan ya shige ni, don haka mahaifiyata ta yi, ta je ajin manya shekara biyu ta manta.

Mushe Isufu: Akwai na biyu, Hajiya. Daga baya a Maraɗi da Damagaram suka sake wani gwaji. Ba a ba ɗalibai komai ba. Kowane mako ana kiran malamin ajin, da maigari, da ɗalibai biyu, a tambaya: an yi karatu wannan mako? Kwana nawa? Mutum nawa suka zo? Iyakarta ke nan, ba a ƙara wa malami ko dala ba. Sakamakon ɗaliban ya ɗaga.

Baba Sufeto: Isufu, Allah Ya yi maka albarka. Wannan shi ne aikin sufeto, aka sa shi a waya. Malamin ƙauye ba ragwanci ne kaɗai ke kashe shi ba. Shekara ta zagayo ba wanda ya leƙo ya ce sannu, me kake koyarwa. Ran da ya san wani zai tambaya, sai ya tashi tsaye, kuma sai ya ji shi ma mutum ne.

Malam Habu: Tunda an zo kan malamai bari in faɗi nawa. Bara wata ƙungiya ta sa mu a horo ta intanet, mako takwas. Bidiyo ne ake kallo a amsa tambayoyi. Inda nake koyarwa sai na hau tudu bayan gari nake samun sabis, datar kuma daga aljihuna. Mu goma sha ɗaya muka fara daga yankinmu, biyu suka gama. Ni na tsaya a mako na uku. Kuma abin da ya fi damuna, ajin da ake nunawa a bidiyon yara ashirin ne kowa da kujerarsa. Ni ina da 90 a kan tabarma. Amma horon Mu Karanta da aka yi mana a Bauchi, wanda aka ba mu jagoran malami da littafin yara na Hausa, mai duba mu yana zuwa ya zauna a bayan aji, har yau da shi nake aiki.

Dokta Binta: Kada ka zargi kanka, Malam Habu. Jami'o'in Harvard da MIT sun duba darussansu na kyauta a intanet, a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 cikin 100 ne suka kammala, kuma akasarinsu mutanen ƙasashe masu wuta da intanet ne.
Abin da ka faɗa kuma an auna shi. A lardin Mpumalanga na Afirka ta Kudu an ba malaman ƙananan azuzuwa tsararren darasin Turanci iri ɗaya. Wasu mai horarwa yana zuwa ajinsu, wasu an ba su kwamfutar hannu mai horarwa yana bin su ta waya da saƙo. A shekarar farko kamar sun yi kunnen doki. Bayan shekara uku, masu ganin mutum ido da ido yaransu sun ci gaba a magana da karatu. Na waya kuwa ɗan ci gaba a magana kawai, karatun bai motsa ba, har karatun harshen gida ya ɗan ja baya. Mai horarwa ta waya ba ya ganin aji, abin da malami ya gaya masa shi ya sani.

Malam Sadisu: To Dokta, ga na Nijar waya ta yi aiki, ga na Afirka ta Kudu waya ta gaza. Wanne za mu kama?

Dokta Binta: Tambaya mai kyau. Ni yadda na gani, waya tana iya tambayar "ka zo aji?" amma ba ta iya ganin yadda kake riƙe yaro mai gargada. Na farko sa ido ne, na biyu koyar da sana'a ne. Kuma gaskiya ba kullum sakamako ke daidaita ba. Lokacin korona a Botswana, ƙungiyar Young 1ove ta bi gidaje 4,500. Saƙon tes na lissafi shi kaɗai bai yi tasiri ba, amma da aka haɗa da kiran waya na minti 15 zuwa 20 kowane mako, yaro da mahaifinsa suna saurare, lissafin yaran ya inganta. A Saliyo aka yi makamancinsa, malamai suna kiran yara bayan darasin rediyo, ba a ga bambanci ba. Shi ya sa ba na son a ce "bincike ya nuna" a yi shiru. A ina, da su wa, aka kwatanta da me?

Maman Ummi: Lokacin korona mu ma mun kunna darasin rediyo. Ranar da na zauna da su suna bi, ranar da na shiga kicin sai wasa.

Malam Sadisu: Na yarda da yawancin abin da aka faɗa. Amma ina nan a kan bakana a abu ɗaya. Duk waɗannan binciken makin lissafi da karatu suke aunawa. Iya kwamfuta shi ma ilimi ne, ko a Peru yaran sun iya. 'Ya'yan masu hali suna taɓa ta tun suna shekara biyar. In muka ce sai komai ya gyaru, namu za su gama firamare ba su taɓa gani ba.

Dokta Binta: Ban musa ba. Sai dai kuɗin ɗaya ne, kuma ba za su dawo shekara mai zuwa ba. Ga wani da ya yi kama da zaɓin da ke gaban Malama Rabi. A Kisumu ta Kenya, cikin shirin koyar da karatu na PRIMR, an gwada hanya uku: na'urar karatu a hannun kowane yaro, kwamfutar hannu a hannun malami, ko kwamfutar hannu a hannun mai zagayen duba malamai kaɗai. Duka ukun suna da littattafai da jagoran malami da horo. Duka sun fi makarantun da ba sa cikin shirin, amma na'ura a hannun yara ba ta ƙara wani abin kirki a kan sauran ba, ga ta da tsada nesa ba kusa ba. Da Kenya ta faɗaɗa shirin zuwa ƙasa baki ɗaya da sunan Tusome, masu duba malamai ta ba na'urar, yara kuma ta ba su littafi, kowa da nasa.

Baba Sufeto: Kowa da nasa. Rabi, yaranki nawa ke tarayya a littafin Hausa ɗaya?

Malama Rabi: A aji biyu, Baba, littafi tara ne, yara 74.

Malam Habu: Inna lillahi. To ai ga inda kuɗin za su.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga abin da nake tunanin kai musu ranar Asabar, ku gyara mini. Kada a sayi 40. A sayi 8 da ƙaramin sola da zai riƙe cajinsu. Biyu na malaman aji ɗaya zuwa uku, a zuba musu darussan Hausa da lissafi da ke aiki ba intanet. Shida na 'yan aji shida, su riƙa shiga rukuni-rukuni ranar Laraba da Alhamis, saboda maganar Malam Sadisu ta kama ni. Ragowar kuɗin a buga littafin karatu na Hausa, kowane yaro daga aji ɗaya zuwa huɗu ya samu nasa. Kuma kafin a kawo komai zan gwada kowane yaro in rubuta matakinsa, in sake gwadawa ƙarshen zango na biyu, in kai musu takardar su gani da idonsu.

Malam Sadisu: Shida sun yi kaɗan, Hajiya, ni da goma na ce. Amma zan zo Asabar biyu in zauna da malamanki kafin a miƙa wa yara, kuma in saka manhajojin da kaina. Ki ce su sayi masu rigar roba, kuma duka iri ɗaya saboda caja.

Baba Sufeto: Ki roƙe su abu ɗaya da ba na kuɗi ba. A cikinsu akwai malamai da suka yi ritaya. Mutum biyu su riƙa zuwa sau biyu a wata su zauna a bayan aji, wanda yake nesa kuma ya riƙa kira. Kuma ki fara da godiya, ki daɗe a kanta, kafin ki kawo gyara.

Mushe Isufu: Malama, in kin samu littafin da za ku buga ki turo mini in gani. Rubutunmu da naku ya ɗan bambanta a wasu baƙaƙe, amma ina son in gwada da nawa yaran.

Dokta Binta: Malama Rabi, zan turo miki takardar gwajin yau bayan isha'i, shafi ɗaya ce, baƙi, gaɓa, kalma, sai ɗan labari. Ki sa malamin da ba na ajin ba ya yi gwajin, kuma yaro ɗaya-ɗaya, kada sauran su ji amsa.

Malama Rabi: To Dokta, ina jira. Gobe da safe zan fara da aji huɗu in sha Allahu.